Ɗigo Dubu Huɗu a Kan Reshe: Yadda Adon Talaka Ya Zama Mafi Tsada a Bishiyar Kirsimeti

A gidaje da yawa na Amurka da Ingila, idan Disamba ta kama aka kafa bishiyar Kirsimeti a falo, akan sami wani ɗan ƙaramin abu cikin adon da ake ratayawa a rassanta wanda idon baƙo ba lallai ya tsaya a kansa ba. Faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, kuma ba ya ƙyalli kamar ƙwallayen gilashin da ke kewaye da shi. Ɗan faifai ne na ƙyalle da aka cike fuskarsa da zaren ulu ko na siliki har hoton tsuntsu ko gida ko tauraro ya fito, aka zagaye bakinsa da murɗaɗɗiyar igiya, aka bar masa maratayi. Sau da yawa shi ne mafi tsada a kan bishiyar baki ɗaya, kuma shi ake naɗewa daban idan an zo kwashe kaya a watan Janairu.

Masu jin Ingilishi suna kiran wannan aiki nidilfoyin. Ana yin sa ne a kan wani ƙyalle mai tauri da aka saƙa sako-sako kamar raga, ta yadda kowane rami yake a fili. Allurar ba ta da tsini, domin ramin da za ta bi yana nan tun daga masaƙa. Zare ya fito ta rami ɗaya, ya tsallake mahaɗa guda a karkace, ya nutse a ramin da ke kusurwa: ɗigo ɗaya ke nan. Surfani yakan ƙawata yadi ya bar jikinsa a waje, wannan kuwa rufe ragar yake yi ruf, har zaren ya zama shi ne yadin. Ragar da aka fi amfani da ita wajen adon bishiya tana da rami 18 a kowane inci, wato ɗigo 324 a murabba'in inci ɗaya. Faifai mai faɗin inci 4 zai ci ɗigo sama da 4,000. Idan kowane ɗigo ya ɗauki daƙiƙa 10, aikin sa'a 11 ke nan ba ɗaga kai, ban da canjin zare da warware inda aka ɓata.

Abin mamakin shi ne, a ƙarshen ƙarni na 19 lamarin a juye yake. A wancan zamani adon da aka ɗinka a gida shi ne na wanda bai da halin sayen na kanti. Tarihin wannan juyi ya ratsa ta kurkukun wata sarauniya, da maɗaba'un Balin, da ɗakin gwajin wani yaro ɗan shekara 18, da wata na'urar yin ƙwan fitila.

Tun a ƙarni na 16 matan manyan gidaje a Ingila da Faransa suke ɗinki a kan raga, suna yin matasai da labule da shimfiɗar teburi. Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce Maryamu, Sarauniyar Sikotilan, wadda ta gudo Ingila neman mafaka a 1568, 'yar'uwarta Sarauniya Elizabet ta Ɗaya ta tsare ta kusan shekara 19 kafin a fille mata kai a 1587. An ɗora alhakin gadinta a kan basaraken da ke riƙe da sarautar Shrewsbury, matarsa kuwa, Bess ta Hardwick, gwanar allura ce. A shekarun farko na tsarewar matan biyu suka riƙa zama wuri ɗaya suna ɗinka ƙananan hotunan tsuntsaye da kifaye da dabbobi da tsirrai, waɗanda daga baya aka jera a kan koren karammiski. Wasu suna nan a gidan Oxburgh da ke gundumar Norfolk, wasu a gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan. Masana sun gano cewa da yawa daga hotunan an kwafo su ne daga littattafan da aka buga, musamman na Conrad Gessner, likitan birnin Zurik da ya tattara siffofin dabbobi. Ke nan ko a hannun sarauniya, zanen na wani ne. Nata aikin shi ne cikewa. Wannan rabon aiki bai taɓa barin sana'ar ba, sai dai masu zanen ne suke ta canjawa.

Muddin sai an ɗauki ƙwararren mai zane ya fitar da hoto a kan raga, ɗinkin na masu hannu da shuni ne. A farkon ƙarni na 19 aka karya wannan shinge a Balin. Wajajen 1804 wani mai sayar da hotunan bugu ya fara buga zanen ɗinki a kan takarda mai gida-gida, kowane gida yana wakiltar ɗigo ɗaya a kan raga. Daga 1810 maɗaba'ar L. W. Wittich ta rungumi harkar da gaske, kuma ana danganta hakan ga matarsa, wadda ta san allura, ta kuma hango kasuwar. Ana buga layukan da farantin tagulla, sa'an nan ma'aikata, akasarinsu mata, su bi gida-gida da buroshi suna sa launi da hannu. Mai karatu da ya taɓa faɗaɗa hoto a fuskar waya har ya tarwatse ya koma 'yan murabba'ai masu launi ya riga ya ga dabarar. Ulun kuma na tumakin merino ne na yankin Saksoni, mai laushi da shan rini, ana kaɗa shi a Gota a rina shi a Balin. Daga nan aikin ya sami sunan da ya bi shi duniya, wato ɗinkin ulun Balin.

A 1831 wani ɗan kasuwa mai suna Wilks ya fara shigo da zanen da ulun kai tsaye zuwa shagonsa da ke titin Regent a Landan. Zuwa 1840 an ƙiyasta cewa zane daban-daban kimanin 14,000 ne suka fito. Duk macen da ta iya ƙirga ta iya fitar da fure ko kare ko hoton Annabi Musa cikin kwando, ba sai ta san zane ba. Wannan ya zo daidai da bunƙasar wani sabon aji a biranen masana'antu: matan 'yan kasuwa da akawuna da likitoci, waɗanda darajar mazajensu ta hana su aikin neman kuɗi, al'ada kuma ta hana su zaman banza. Allura ta zama mafita. Falo ya cika da matasai, kujeru suka sha riga, mazaje kuwa suka yi ta karɓar silifa masu furanni ko suna so ko ba sa so.

Launi ya ƙara zafi bayan 1856. A shekarar ne William Henry Perkin, ɗalibi ɗan shekara 18 a Landan, yana ƙoƙarin haɗa maganin kwinin na zazzaɓin cizon sauro daga sinadaran kwaltar kwal, sai ya sami wani baƙin dusa da ya narke ya ba da launin shunayya. Shi ne rinin roba na farko da ya shiga kasuwa sosai, kuma cikin 'yan shekaru wasu suka biyo baya, ja mai ɗaukar ido da kore shar. Ulun Balin ya sha su duka.

Bishiyar kuwa ta zo ta wata hanya dabam, ko da yake ita ma daga ƙasar Jamus. Jamusawa sun daɗe suna shigar da bishiya mai ganye kore cikin gida a tsakiyar hunturu, su rataya mata tuffa da goro irin nasu da alewa da kyandir. A Ingila abin bai wuce fada da gidajen 'yan asalin Jamus ba, har sai a Disambar 1848 da jaridar Illustrated London News ta buga hoton Sarauniya Biktoriya da mijinta Yarima Albat, wanda Bajamushe ne, da 'ya'yansu kewaye da bishiya a fadar Windsor. A 1850 mujallar mata ta Godey's Lady's Book da ke Filadelfiya ta sake buga hoton, amma ta cire kambin sarauniya da gashin bakin yarima, domin su yi kama da iyalin Amurka na gari. Wannan 'yar dabara ta yi aiki fiye da kowane wa'azi.

To, an kafa bishiya, da me za a ƙawata ta? Kanti bai fara sayar da adonta da yawa ba tukuna. Saboda haka mujallun mata suka riƙa buga umarnin yadda za a haɗa a gida: 'yan jakunkunan alewa, mazubai na takarda masu siffar ƙaho, taurarin kwali. A lokacin ƙananan kyaututtuka ma a kan rassa ake rataya su, don haka abin da aka ɗinka wa goggo ko kaka, kamar matashin soka allura ko 'yar jakar agogo ko alamar shafin littafi, yakan yi kwana ɗaya ko biyu yana ado kafin a ciro shi a miƙa wa mai shi. An kuma sami wani kwali mai ƙananan ramuka a jere, wanda ake ɗinkawa kamar raga amma ya fi ta araha, ba ya kuma buƙatar a naɗe bakinsa. Da ragowar ulun da ya saura daga matashi, yarinya 'yar shekara 10 tana iya gama ɗaya a yini. Nan ne allura da bishiya suka fara haɗuwa, kuma haɗuwar ta tattali ce.

Abin da ya raba su gilashi ne. Garin Lausha, a cikin duwatsun Turingiya, ya daɗe da sana'ar hura gilashi, kuma tun tsakiyar ƙarni na 19 mutanensa suke hura 'yan ƙwallaye da siffofin 'ya'yan itace don bishiya. Da aka kafa tashar iskar gas a garin a 1867, masu hurawa suka sami harshen wuta mai zafi da ba ya rawa, ƙwallayen suka ƙara girma da sirantar jiki. Labarin da kamfanin Woolworth yake bayarwa shi ne, a 1880 mai shi, Frank Woolworth, ya karɓi na dala 25 daga hannun wani dillali ba da son ransa ba, ya ajiye a shagonsa na Lankasta a jihar Pensilbaniya, suka ƙare cikin kwana biyu. Daga baya da kansa ya je Lausha saro kaya, aka riƙa loda su a jirgin ruwa da miliyoyi.

Ya kamata a lura cewa waɗannan ƙwallaye ma aikin hannu ne. A cikin ɗakunan kwana ake yin su: uba yana hurawa, uwa tana zuba ruwan azurfa a ciki tana girgizawa, yara suna fenti suna sa murfi, ana biyansu da dozin. Mai saye a Amurka bai ga hannunsu ba, ƙyalli da araha kawai ya gani. A gefen wannan ƙyalli, tauraron kwali da 'yar gida ta ɗinka ya fara kama da shaidar rashi.

A daidai lokacin kuma masu faɗa a ji a harkar fasaha suka juya wa ulun Balin baya. William Morris da mabiyansa suna ganin ƙirga gidaje ba fasaha ba ce, bautar takarda ce, launukan kwalta kuma ihu ne a ido. Suka yi kira a koma ga surfani na sakin hannu da rinin itatuwa. A 1872 aka kafa makarantar koyar da aikin allura a Landan ƙarƙashin kulawar Gimbiya Helena, 'yar Sarauniya Biktoriya, wadda a yau ake kira Royal School of Needlework. Kafin ƙarshen shekarun 1880 ulun Balin ya zama abin da ake tunawa da kaka. Akwai gaskiya cikin sukar Morris, domin furannin kabeji da karnuka masu idon tausayi sun yi yawa ƙwarai. Amma akwai girman kai a cikinta, tunda abin da ya raina shi ne hanya ta farko da macen da ba a koya wa zane ba ta samu ta yi hoto da hannunta.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kawo na'ura ta gaske. Da yaƙi ya ɓarke a 1939 kayan Jamus suka daina isa Amurka. Wani ɗan kasuwa ɗan asalin Jamus, Max Eckardt, tare da kamfanin Woolworth, suka shawo kan kamfanin gilashi na Corning ya gyara na'urarsa ta yin ƙwan fitila ta riƙa fitar da ƙwallayen ado. Zuwa 1940 masana'antar Corning da ke Wellsboro tana fitar da kimanin 300,000 a rana, alhali gwanin mai hurawa a Lausha da ƙyar yake kai 600. Eckardt ya riƙa sa musu launi yana sayarwa da sunan Shiny Brite. Bayan yaƙi roba ta shigo, masana'antun suka yi ta ƙaura zuwa gabas, har aka kai yau da birnin Yiwu na ƙasar Sin yake fitar da kaso mai tsoka na kayan Kirsimetin duniya.

A hankalce nan ya kamata labarin allura ya ƙare. Sai dai arahar ce ta buɗe mata sabuwar ƙofa. Da kowane gida a unguwa ya mallaki akwatin ƙwallaye iri ɗaya daga kanti ɗaya, ƙyalli ya daina bambanta kowa da kowa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne adon da ke da labari.

Ɗinkin raga kansa bai mutu ba a tsakanin nan. Majami'u ne suka ba shi mafaka. A Ingila da Amurka ƙungiyoyin mata na cocin Angilikan suka ɗauki aikin ɗinka matasan durƙuso, kuma tun shekarun 1950 babbar majami'ar ƙasa da ke Washintan ta tara ɗaruruwansu daga hannun masu sa kai. Daga nan ya sake fitowa fili. Erica Wilson, 'yar Ingila da ta yi karatu a waccan makaranta ta Landan ta koma Niyok a 1954, ta fara koyar da allura a talabijin daga tashar WGBH ta Boston a farkon shekarun 1970. A 1972 aka kafa ƙungiyar masu wannan ɗinki ta Amurka. A 1973 Rosey Grier, ƙaton tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka da ya buga wa New York Giants da Los Angeles Rams, ya fitar da littafin koyar da maza ɗinkin, da hotonsa riƙe da allura. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Hallmark ya fito da jerin adonsa na ajiyar tarihi, ƙwallayen gilashi 6 da 'yan tsana 12 na zare. Masana'anta ta fahimci inda kasuwa ta dosa, ta fara kwaikwayon aikin gida.

Ƙaramin ado ya dace da matar wannan zamani fiye da rigar kujera. Ta fita aiki, ba ta da wata shida na zama, amma faifan inci 4 yana shiga jaka, ana iya ɗinka shi a jirgi ko a ɗakin jiran likita. Ana iya sa masa shekara da sunan jika, ko hoton garin da aka ziyarta, a ƙara ɗaya kowace Disamba har bishiya ta koma kundin iyali.

Ƙololuwar wannan farfaɗowa ta zo a 1991, lokacin da Barbara Bush, matar shugaban Amurka, ta zaɓi ɗinkin raga ya zama jigon adon Fadar White House. Ita kanta ma'abociyar allura ce, ta shafe shekaru tana ɗinka wata babbar darduma da ta riƙa yawo da gutsattsarinta duk inda aiki ya kai mijinta. Babbar bishiyar fadar ta ɗauki ado sama da 1,000 na ɗinkin hannu, ƙungiyar masu ɗinki ta cocinsu na St. Martin's da ke Houston kuma ta haɗa ƙauye guda da dabbobin jirgin Annabi Nuhu, duk da allura. Abin da aka taɓa ratayawa don babu kuɗin gilashi ya hau bishiyar da ta fi kowace daraja a ƙasar.

A yau wanda ya shiga shagon wannan sana'a a Amurka ba takarda mai gida-gida zai fi tararwa ba. Ragar ce da kanta aka yi wa fenti da hannu, mahaɗa bayan mahaɗa, ta yadda mai ɗinki ba ya ma buƙatar ƙirga, launin da ke ƙarƙashin allurarsa shi zai gaya masa zaren da zai ɗauka. Mai ƙirƙirar zanen yakan yi na farko, sa'an nan masu fenti su kwafa ɗaya bayan ɗaya, wasu a Amurka, da yawa a ɗakunan aiki a Asiya. Su ne magadan matan Balin masu buroshi, kuma kamar su, sunansu ba ya bayyana a ko'ina. Ragar kanta sau da yawa daga Jamus take zuwa, daga masaƙar Zweigart da aka kafa a 1877. Wanda ya san yadda hular ɗinki take bi ta hannun mai zane, da mai cikewa, da mai wanki da ɗora ta a kan gungume kafin ta hau kai, ba zai ga baƙon abu a wannan tsari ba.

Idan an gama cikewa, saura hannu na ƙarshe. Ɗinkin karkace yakan ja raga ta goce, musamman idan an bi layi-layi a miƙe, shi ya sa gwanaye suka fi son bin kusurwa sama da ƙasa, wanda yake barin bayan aikin kamar saƙar kwando, ya kuma riƙe siffa. Duk da haka sai an jiƙa ragar an ɗaure ta a kan allo ta miƙe, a yanke, a naɗe a kan kwali mai laushi, a rufe bayan da siliki ko karammiski, a murɗa igiya a ɗinka ta a baki da ɗinkin da ido ba ya gani. Mafi yawan masu ɗinki ba sa yin wannan da kansu, shago suke kai wa, shago ya miƙa wa masu kammalawa. Idan aka haɗa kuɗin raga mai fenti da zare da ladan kammalawa, ado ɗaya yakan haura dala 100, ban da sa'o'in mai shi, alhali da wannan kuɗi ana iya cika bishiya biyu da ƙwallayen Yiwu.

Zaman kullen annobar korona a 2020 ya jawo matasa da yawa cikin harkar, Instagram da TikTok suka ƙara mata wuta, sababbin masu zane suka fito da hotunan kwalaben miya da jakunkunan tafiya da kalaman barkwanci a madadin mala'iku. Masu kammalawa kuwa ba su ƙaru da wannan sauri ba, domin aiki ne da ake koyo a hankali, kuma ba ya ɗaukar hoto mai kyau. Saboda haka shaguna da yawa suke rufe karɓar aikin Kirsimeti tun ƙarshen bazara ko farkon kaka, wasu ma kafin nan. Wadda ta kai nata a watan Nuwamba za a karɓa da fara'a, a rubuta mata rasit, a ce ta dawo baɗi.